Motar kwana ga iyali: abin da makanikai da direbobin Garuwa suka yi ittifaƙi a kai

Motar kwana ita ce wadda ake tafiya da ita kuma a kwana a cikinta. Galibin makanikan da direbobin sun zaɓi Toyota Hiace mai dizal, saboda kayan gyaranta na samuwa daga Ngaundere har Kusiri a arewacin Kamaru. A cikin gari kuwa tana shan mai, kuma juya ta a lungun kasuwa wahala ne.

Inda suka fi tsayawa shi ne nauyi. Jarkokin ruwa huɗu masu lita 20 kilo 80 ne, ban da gado, tukunyar gas da buhunan abinci. A ajiye kaya masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan aka jibga su a rufi, motar kan yi tangaɗi a kwana. A sa tayoyi masu alamar C, wato na motocin ɗaukar kaya, a duba iskarsu da sassafe kafin su yi zafi.

Gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundere da Mbe yana cin birki. A sauka da giya ta biyu, domin mai danne birki har ƙasa zai ji ƙaurin ƙuna, sannan birkin ya daina kamawa.

Firji da fanka su samu batir nasu daban da na tayar da inji, in ba haka ba gari zai waye motar ta ƙi tashi. Lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe matatar iska duk sati.

Yara su zauna a kujera mai bel, kada su kwanta a gado ana tafiya. Kada a kunna rishon gas ƙofa a rufe. Hayaƙinsa ba ya wari, kuma yana kisa.