Kuɗi ne kaɗai ke hana 'ya'yan riƙo a Amurka samun lasisin tuƙi?

Mai koyar da tuƙi: Jama'a, ni dai ga matsayata. Yaron da kotu ta karɓe daga hannun iyayensa ta ba wasu riƙo, rashin kuɗi ne ke hana shi lasisi. Jihar Florida ta gane haka. A 2014 ta fara shirin Keys to Independence a matsayin gwaji, a 2017 ta mai da shi na dindindin: ana biyan kuɗin makarantar tuƙi, da na lasisi, da inshora. Sauran jihohi su yi koyi, magana ta ƙare.

Ma'aikaciyar kula da yara: Malam, da sauran rina a kaba. A Floridar da ka ambata, yaro na karɓar takardar lana, wato izinin koyon tuƙi, yana ɗan shekara 15, ya riƙe ta wata 12, ya kuma cika awa 50 a kan sitiyari, 10 daga ciki da dare. Kowace awa sai da mai lasisi ɗan shekara 21 ko fiye a kujerar gefensa. Makaranta ba ta ba ka awa 50. To wa zai zauna da shi, kuma a motar wa? Gidajen da ake tara yara da yawa galibi ba sa barin yaro ya taɓa motar ma'aikata. Ga sauyin gida: ya tara awa 30, a ɗauke shi zuwa wani gari, takardar da ake rubuta awannin ta ɓace a hanya, sabon mai riƙon ya ce ba zai shaida abin da bai gani ba. Sai a koma farko.

Barista: Hajiya ta yi gaskiya, amma tun kafin awanni akwai sa hannu. A dokar Florida, babban da ya sa hannu a takardar neman lasisin wanda bai kai 18 ba ya ɗauki alhakin ɓarnar da yaron zai yi da mota. Wa zai yarda da haka a kan yaron da ƙila gobe a ɗauke shi? Shi ya sa aka cire wa mai riƙo da ma'aikacin hukuma wannan alhakin idan sun sa hannu. An kuma ba kotu ikon sahale wa ɗan riƙo mai shekara 16 da ya gama darasin tuƙi ya ƙulla yarjejeniyar inshora da sunansa. Duk biyun gyaran doka ne, Malam, ba sisin kwabo a ciki.

Dillalin inshora: Barista, ka bar baya da ƙura. An yafe alhakin sa hannu, ba a yafe na mai mota ba. A Florida, in ka ba wani motarka ya yi hatsari, kai ma ana binka. Gaskiya doka ta hana kamfani ƙara wa mai riƙo kuɗi muddin yaron yana kan lana, amma ranar da ya karɓi cikakken lasisi farashi ke tashi, domin sabon direba matashi shi ne mafi tsada a lissafinmu.

Mai koyar da tuƙi: Ka ga an dawo kan maganata ke nan. Lokacin korona majalisar tarayya ta yarda a kashe har dala 4,000 a shekara kan tuƙi da sufurin kowane yaro daga kuɗin shirin Chafee, wanda ke tallafa wa 'ya'yan riƙo su tsaya da ƙafafunsu, amma na wucin gadi ne. Ɗan majalisa Danny Davis ya gabatar da ƙudurin Foster Youth and Driving Act don a ɗora a kai. Da irin wannan kuɗin ai sai a ɗauki malami da motar makaranta mai birki biyu, ya cika wa yaro awanninsa.

Ma'aikaciyar kula da yara: Na yarda da wannan, in dai an rubuta a dokar cewa kuɗin na iya sayen awannin gwaji. Amma ko malamin ba zai ɗauki yaron da ba shi da lana ba, ita kuwa ba ta samuwa sai da takardar haihuwa, lambar Social Security (lambar shaida da gwamnatin tarayya ke bayarwa) da shaidar adireshi. Dokar tarayya ta 2014 ta wajabta a miƙa wa yaro takardunsa idan zai bar riƙo yana 18 ko fiye. Shi kuwa yana buƙatarsu tun yana 15. A sa wa ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinsa wa'adi, alƙali ya riƙa tambaya a kowane zaman bita ko an karɓo su.