Ɗan kwikwiyona ya mai da tsakar gida makewayi, ku ba ni shawara

Mai Gyaran Sola (Rigachikun):

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri, tambayar tawa ba mai daɗin ji ba ce, amma ta ishe ni.

Sau biyu ana haurowa gidana cikin damina, karo na biyu har batirin sola suka kwance suka tafi da shi. Shi ne na karɓo ɗan kwikwiyo a wurin wani abokin aikina, uwarsa 'yar gida, ubansa irin karnukan 'yan sandan nan. Yanzu satinsa tara, kwanansa goma sha ɗaya a hannuna. Yara sun sa masa Duna.

Gadi dai bai fara ba, sai ɓarna. Babu inda bai tsuguna ba: gindin tankin ruwa, bakin ƙofar kicin, ƙarƙashin babur. Shekaranjiya da asuba na fito da buta cikin duhu na taka kashinsa da ƙafata babu takalmi. Jiya kuma ya yi fitsari a kan tabarmar da Hajiyata take zama ta sha hantsi. Ba ta ce komai ba, ta dai kalle ni, kuma wallahi gara ta yi magana. Uwargida kuwa ta ce in zaɓa, ko ita ko Duna.

Na bi abin da aka gaya mini: in na ga ya yi, in kama wuyansa in goga hancinsa a wurin, in ɗan tsula masa silifas. Abin da ya haifar kawai shi ne yanzu ba ya yi a gabana, sai ya lallaɓa bayan durom. Da dare ina sakinsa ya yi yawo a gidan. Abinci kuma akwai kwano cike koyaushe, tuwon masara da madara, wani lokaci sauran miya.

Taurin kai ne da shi ko ni ne ban iya ba?

Ɗalibar Likitancin Dabbobi (Samaru):

Wa alaikumus salam. Yaya, kada ranka ya ɓaci, amma laifin ba na Duna ba ne. Ɗan sati tara jariri ne. Mafitsararsa ba ta iya riƙo ba tukuna. Ƙiyasin da ake yi shi ne kusan awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa, wato naka awa biyu zuwa uku in ya yi ƙoƙari. Yawancinsu sai sun kai wata huɗu zuwa shida kafin a ce sun kama sosai.

Silifas ɗin nan ka ajiye shi. Kare ba ya haɗa dukan yanzu da abin da ya yi minti goma da suka wuce. Abin da ya koya shi ne tsugunawa a gabanka akwai haɗari, shi ya sa ya koma bayan durom. Kai ka koya masa ɓuya.

Kwanon nan da ke cike kullum shi ne babbar matsalarka. Wanda yake ci kowane lokaci zai yi kashi kowane lokaci. Ka mai da shi sau uku ko huɗu a rana, a lokaci ɗaya kullum, ka ajiye kwanon minti goma sha biyar ka ɗauke. Ruwa dai a bar masa da rana. Cikin minti goma zuwa rabin awa bayan ya ci, cikinsa zai motsa. To a nan za ka ɗauke shi cak ka kai shi wuri guda da ka zaɓa, ka tsaya shiru. Haka in ya farka daga barci, haka in ya gama guje-guje da yara. In ka ga yana shinshina ƙasa yana zagaye, ba wasa yake ba, ɗauke shi. Yana gamawa a wurin, nan take ka shafa shi ka miƙa masa ɗan guntun busasshen kifi marar ƙaya. Nan take, ba sai kun dawo baranda ba.

Madarar shanu kuma tana sa da yawansu zawo, mai zawo kuwa ba a koya masa riƙo. Miyar da aka sa wa albasa ma ka daina, albasa tana lalata musu jini.

Ban ji ka ambaci allura ba. An yi masa ta farko? Ana farawa a sati shida zuwa takwas, a maimaita bayan sati uku ko huɗu har ya kai wata huɗu, saboda fabo, cutar amai da zawon jini da ke kashe su cikin kwanaki. Ta haukan kare kuma a wata uku, wannan ba don shi kaɗai ba, don yaranka. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin irinta a nan ƙasar. Sai maganin tsutsar ciki, domin ƙwayayen tsutsar suna fita a kashinsa, yara kuma suna wasa a wannan ƙasar.

Tsohon Mafarauci:

Yaro, na fi shekara talatin ina kiwon karnuka, ban taɓa sayen keji ba. Abin da yarinyar nan ta faɗa gaskiya ne, sai dai ta manta abu ɗaya. Ka saki jariri cikin gida gaba ɗaya da dare, me kake jira? Kare ba ya son ɓata makwancinsa, haka Allah ya yi shi. Ka tare masa lungu da bulo ko langa-langa, daidai inda zai miƙe ya juya, ka shimfiɗa buhu. In wurin ya yi faɗi zai kwana a gefe ya yi kashi a gefe. Amma fa sai ka tashi tsakar dare ka fito da shi sau ɗaya, kada ka kulle shi har safe ka ce ya riƙe, zalunci ne.

Inda kake so ya riƙa yi, zuba yashi. Ka ɗebo kashinsa na jiya da tsinken kwali ka ajiye a kai. Hancinsa zai gaya masa sauran. Su da hanci suke karatu.

Maman 'Yan Biyu (Jos):

Ni maganar uwargida zan yi, don ba wanda ya tausaya mata. Na tabbata ita take wankewa. Malam, ɗauki tsintsiya da kanka ka ga ko ba za ta sauko ba.

Wankin kuma da dabara. In ka zuba ruwa kawai, kai ba ka jin komai, shi yana ji, kuma zai koma wurin. Ni toka ko yashi nake fara zubawa ya tsotse, in share, in wanke da omo, sannan in bi da ruwan khal da aka sirka da ruwa. In Hypo za ka sa, sai bayan ka wanke fitsarin tas, domin in suka haɗu suna tayar da wani tururi mai shaƙe ƙirji, na taɓa yin tari har da hawaye. Tabarmar Hajiya kuwa ka saya mata sabuwa, in ta tashi a naɗe a jingine.

Almajirin Zaure:

Tunda ba wanda ya taɓo maganar addini, kada wani ya zo ya ce maka ka yi saɓo. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, malamin Malikiyya mai littafin Risala, da katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare, aka ce masa Imamu Malik ya ƙi haka, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. A mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne. Saboda haka wurin yashin ya yi nesa da inda ake alwala da shanya, kwanonsa kuma daban.

Mai Gyaran Sola (Rigachikun):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau kwana takwas da na fara. Na ɗaura abincinsa a kan sallah don kada in manta: bayan asuba, bayan azahar babban yarona ke ba shi, sai bayan magariba. Baba, na yi lungun da bulo tara, yashin kuma yana can bayan bishiyar zogale. Daren farko ya yi kuka har maƙwabcina ya buga mini waya. Ƙarfe biyu nake tashi in fito da shi ina hamma.

Ƙanwata, an yi allurar farko ranar Talata, an ba shi maganin tsutsa, abin da ya fito washegari ba zan kwatanta ba. Kashi yanzu kusan duk a yashi yake yi. Fitsari ne da saura: jiya sau biyu ya kuskure, ɗaya laifina ne, ina waya na ga yana zagaye na ce bari in gama. Ɗayan kuma da na dawo daga aiki ne, ya rugo yana kaɗa jela yana ɗiga a kan takalmina. Shi wannan na murnar, yana dainawa da kansa ko akwai abin da ake yi?