Antispasmodique urinaire, me za mu ce masa da Hausa?

Ƴan uwa na Damagaram ina neman taimakonku kan kalma ɗaya. Akwai maganin da a takardar cikin kwalinsa ake rubuta antispasmodique urinaire, irin su oksibutinin da ake saidawa da sunan Ditropan, ko flavoksat mai suna Urispas. A farmasi in tsoho ya miƙo ordonansi, wato takardar likita, ya ce ɗana wannan na mene ne, sai ka ji an ce masa "maganin fitsari ne baba", shi ke nan, kuma wallahi wannan amsar ba ta wadatar ba.

Ga aikinsa. Mafitsara jaka ce ta tsoka, in ta cika ita ke matsewa ta turo fitsari. To wasu tasu takan matse tun ba ta cika ba, mutum yana tsakar sallah ko yana kan kabu-kabu zuwa kasuwar Dole sai ya ji mara ta murɗa kamar zai sake a wando, da dare ya yi ta tashi, in ya je kuma ɗan kaɗan ne ke fita. Haka wanda aka sa wa robar fitsari bayan aiki yakan ji wannan murɗar. Maganin yana sa tsokar ta lafa ne kawai.

Wani malaminmu ya ce a ce maganin sanyi. Malam ka yi haƙuri ban yarda ba. Mu nan in an ce sanyi, ƙwayar cuta ake nufi, shi kuwa wannan ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, mai ciwon zai sha ya ji sauƙi ya bar antibiyotik ɗinsa cutar ta hau ƙoda. Balle mai tsargiya da ke fitsarin jini, shi prazikwantel ne maganinsa.

Yayata kuma ta ce maganin yoyon fitsari. Yaya, wannan ya fi ba ni tsoro, don yoyon fitsari sunan da muka riga muka ba larurar mata ce bayan doguwar naƙuda, huda ce, aiki ake yi a ɗinke, ƙwaya ba ta rufe ta. Kar mu sa baiwar Allah ta zauna gida tana haɗiyar ƙwaya.

A ce masa "mai sassauta mafitsara" ya yi kusa, amma mai jin matsuwa in ya ji sassauta zai ɗauka fitsarin ne zai ƙara zuba.

Ni dai na tsaya kan maganin murɗar mafitsara. Kowa ya san murɗar ciki, da an faɗa an gane. In kuma za a faɗa wa mara lafiya a haɗa da cewa yana busar da baki, yana kawo taurin bayan gida, oksibutinin har gumi yake ragewa, kun san zafin Afrilu a Zinder ba wasa ba. Mai hawan jinin ido da dattijon da fitsari ke riƙe masa su faɗa wa likita kafin su sha. Ma'aikatan lafiya da ke nan, ku gwada ta a bakin marasa lafiya ku gaya mana ko ta zauna.