Wace kalma za mu sa wa "singleton" a taswirar haihuwa?

Ɗan Zazzau:
Salamu alaikum. Masu fassara rubuce-rubucen ilimin taurari na Turawa, ina neman Hausar singleton. A taswirar haihuwa, wato zanen inda taurari suke lokacin da aka haifi mutum, ana ƙirga taurari goma: Rana, Wata, Uɗarid, Zuhura, Mirrihu, Mushtari, Zuhal, sai Uranus, Neftun da Fuluto. Tauraron da ya zauna shi kaɗai a wani rukuni, shi ake nufi da singleton. Wasu na rubuta "makaɗaici", amma kalmar ba ta kwanta mini ba.

Mai Hisabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Makaɗaici kam a bar ta, kunnen Bahaushe ya saba jinta a siffar Ubangiji. Ni "tilo" nake gani. Ɗa tilo, hankalin gida duka a kansa yake, nauyin gida ma haka. Abin da masu fannin ke faɗa ke nan: idan Wata ne kaɗai a burujin ruwa, wato Saratan, Akrab ko Hut, to duk sha'anin tausayi da motsin zuciya ta kansa zai bi, ko ya yi yawa ko ya riƙa fitowa a takure. Sai dai a fayyace wane tilo. Akwai tilon ɗabi'a, cikin wuta, ƙasa, iska da ruwa. Akwai tilon hali, cikin munƙalib (buruji mai juyawa), sabit (tabbatacce) da zu jasadaini (mai jiki biyu). Akwai kuma tilon ɓangare, wanda ke rabin taswira shi kaɗai.

Uwar Ɗaki:
Na yarda da tilo, Malam, amma na ukun yana son sunansa daban. Marc Edmund Jones na Amurka, a littafinsa na 1941, ya kasa taswira siffa bakwai. A ɗaya daga ciki taurari tara suna cikin digiri 180, guda yana tsallake yana fuskantarsu, kamar bokiti da abin riƙonsa. Wannan mu ce masa "mariƙi". Kada a ce guga, domin sunan burujin Dalwu ma guga yake nufi, za a rikita siffa da buruji. Ga hanyar gane kuskure: Uɗarid ba ya nisa da Rana fiye da digiri 28, Zuhura kuma 48. Saboda haka duk wanda ya ce Rana, Uɗarid ko Zuhura ne mariƙi, lissafinsa ya karkace.

Ɗan Zazzau:
Hajiya, "maraya" fa?

Uwar Ɗaki:
A ajiye maraya ga tauraron da ba shi da babbar kusurwa da kowa, ba haɗuwa, ba 60, 90, 120 ko 180. Abu biyu ne. Tilo yana iya samun kusurwa huɗu ko biyar, maraya kuma yana iya zama cikin burujin da ke cike.

Mai Hisabi:
Mai fassara ya kula da inda ƙirgar kanta ke sauyawa. Wanda ya tsaya kan taurari bakwai na littattafan falaki na Larabci zai ga tilo da yawa, domin ba a gano Uranus ba sai 1781, Neftun 1846, Fuluto 1930. Lissafin Turawa da na Indiya kuma sun saɓa da kusan digiri 24, abin da ke kai tauraro wani buruji, ɗabi'arsa ta canza. Lokacin haihuwa ma haka. Ɗali'i, wato sashen buruji da ke ɓullowa a gabas, yana matsawa kimanin digiri ɗaya cikin minti huɗu, don haka "bayan la'asar" ba ta isa a yanke tilon da ke sama ko ƙasa da layin ɗali'i ba. Wata yana sauya buruji kusan duk kwana biyu da rabi.

Fuluto kuwa a yi hattara da shi. Ya zauna a Akrab daga 1984 zuwa 1995, ka ga zamansa a ruwa abu ne na tsara guda. Masu fannin sun fi ba tilon Wata ko Mirrihu nauyi.

Ɗan Zazzau:
Na gode. Zan rubuta "tauraro tilo", sannan tilon ɗabi'a, tilon hali, mariƙi da maraya. Jam'in fa?

Uwar Ɗaki:
"Taurari tilo-tilo" ya wadatar, Malam. Taswira ɗaya tana iya samun biyu, misali Zuhal tilon ƙasa, Mirrihu tilon wuta.