Neman kalma: ɗakin kwanan da ake ja da mota a tsallaka iyaka da shi

Tafinta: Assalamu alaikum jama'a. Ina da fassarar da zan miƙa ranar Juma'a kafin azahar, kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Takardar bayani ce don Hausawa mazauna Kanada, a kan yadda mutum zai sayo abin nan da Amurkawa ke kira tirabul tirela ya shigo da shi Kanada. 'Yan Ingila karaban suke ce masa. Ɗaki ne a kan tayoyi, da gado da wurin girki da banɗaki, amma ba shi da inji, sai an ɗaura shi a bayan mota an ja. Za a buga a takarda, kuma za a karanta a murya don masu saurare. Kusan kowane sakin layi sai kalmar ta fito, ba zan iya ta maimaita dogon bayani ba. Ku taimaka mini don Allah.

Ɗalibi: Wa alaikumus salam Anti. Ai tafi-da-gidanka kawai. Kamar don shi aka ƙirƙiri kalmar.

Mai Gabatarwa: Tafi-da-gidanka ta riga ta yi aure, ɗan'uwa. In na faɗe ta a iska, mutum tara cikin goma waya za su kawo a ransu, na goman kuma kotu. Sai dai a ce gidan tafi-da-gidanka, gida har sau biyu a baki ɗaya, nauyi ya yi yawa.

Tafinta: Da ita na fara, na kuma soke. Ba nauyin ne kaɗai ba. A takardar akwai abu biyu masu kama da juna. Akwai mai injinsa a jiki, ka shiga ka tuƙa, akwai kuma wannan da ake ja. Dukansu tafi-da-gidanka ne, amma doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. A Amurka, duk abin hawan da aka taɓa amfani da shi, in dai da injinsa yake tafiya, sai an gabatar wa kwastan takardunsa awa 72 kafin a fita da shi daga ƙasar. Wanda ake ja bai shiga wannan ƙa'idar ba. In na ba su suna ɗaya, wani zai zauna jiran kwana uku a banza, wani kuma zai isa bakin iyaka a mayar da shi. Kalmar da nake nema dole a ji daga bakinta cewa jan abin ake yi.

Tsohon Direba: To 'yata, tirela ce mana. Mu da muka tsufa a titi, kai daban, tirela daban. Kai shi ne mai inji, tirela ita ce ta baya da ake ɗaurawa. Mutanen gari ne suka haɗe su suka kira duka tirela.

Ɗalibi: Amma Baba, in aka ce wa mutum ya shigo da tirela, babbar motar kaya zai hango.

Tsohon Direba: Sai a ƙara mata wani abu a gaba. Tirelar kwana.

Mai Gabatarwa: Baba, ka fi ni sanin kalmar kwana ma'ana biyu gare ta a kunnen direba, ta barci da wadda ake sha a titi. Ga kuma 'yan kwana-kwana a gefe. A takarda za ta wuce, a murya ina tsoronta.

Malam Mai Nahawu: Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma raina bai yi daɗi ba. An tambayi kalmar Hausa, tun ba a je ko'ina ba an koma ana yi wa kalmar Turanci kwaskwarima. Wannan al'umma ta yi ɗaruruwan shekaru tana fatauci. Muna da ayari, muna da madugu, muna da zango. Ita kanta karaban ɗin da 'yan Ingila ke faɗa, asalinta daga Farisanci ne, kuma ma'anarta ayari. Wato su da kansu sun ɗauki kalmar fatake sun ɗora wa wannan abu. Mu da muka gaji fatauci me ya hana mu? Shawarata ita ce jazango. Ja da zango, a kan ƙirar jagora da jagaba. Gajeriya ce, gaɓa uku, jam'inta jazangogi. Na daɗe ina amfani da ita a aji kuma ɗalibai sun karɓa.

Ɗalibi: Kai, jazango ta yi daɗi a baki, Allah ya gafarta Malam.

Tafinta: Na gode Malam, daɗi kam ta yi. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙirar da ka kawo. Jagora shi ne mai jan gorar, ba gorar ba. Jagaba shi ne mai jan gaba. In haka ne, jazango ai motar da ke ja ce, ba ɗakin da ake ja ba. Ni kuwa duk wahalata a kan raba waɗannan biyun ce.

Malam Mai Nahawu: Harɗaɗɗiyar kalma ba lissafi ba ce, Malama. Ma'ana tana zama inda masu magana suka ajiye ta. Tattaɓa-kunne ba mai sana'ar taɓa kunne ba ne. In muka yi ta faɗa, za ta zauna.

Tafinta: Gaskiya ne, amma zaman yana ɗaukar shekaru, ni kuma Juma'a ce da ni.

'Yar Ƙetare: Bari in sa baki, don ni da maigidana mun yi wannan abin da hannunmu. A jihar Indiyana muka saya, kusa da Elkhart, inda masana'antun waɗannan ɗakuna suka fi yawa a Amurka. Muka jawo shi ta Mishigan, muka hau gadar Ambassador daga Ditroit zuwa Winza. A ɓangaren Kanada jami'in kwastan ya karɓi takardar ciniki da takardar mallaka, ya fito ya zagaya ta gefen hagu wajen gaba, inda masu ƙerawa ke manna tambarin da ke ɗauke da ranar ƙira da nauyi da lambar shasi. Laka ta rufe shi, sai da maigidana ya goge da hannun riga. Lambar guda 17 ce, haruffa da alƙaluma a haɗe. Wanda ya sayar mana ya rubuta harafin O a wurin sifiri, alhali a wannan lamba ba a sa O ko I ko Q kwata-kwata. Muka yi ta kiransa bai ɗauka ba, yara na kuka a mota, sai da yamma ya aiko da gyararriyar takarda. Daga nan aka cika mana fom na shigo da abin hawa, muka biya harajin tarayya kashi 5 cikin ɗari. Tunda bai kai shekara 15 da ƙerawa ba, sai da ya shiga rajistar RIV, wato rajistar abubuwan hawan da ake shigowa da su Kanada, aka ba mu kwana 45 mu kai a duba shi kafin lardi ya ba mu lamba. Abin da ya sa na kawo duk wannan, Yaya Tafinta, a kowace takarda da aka miƙo mana kalmar tirela ce a rubuce da Turanci. Mutumin da zai karanta fassararki zai tsaya gaban jami'in da bai san jazango ba. In a Hausar ya riga ya saba da tirela, zai gane layin da ake nuna masa a fom.

Malam Mai Nahawu: Da wannan hujjar ai sai mu rufe makarantu. Kowane fom na duniya da harshen wasu yake. Don jami'in Kanada bai ji Hausa ba sai mu bar gina harshenmu? Wannan shi ne ciwon da ke damunmu, wanda ya tsallaka ruwa sai ya dawo yana ganin namu bai isa ba.

'Yar Ƙetare: Haba Malam, wannan maganar ta yi mini zafi. A gidana Hausa ake yi, 'ya'yana da aka haifa a nan da ita suke gaishe ni. Ban ce Hausa ba ta isa ba. Na ce mutum yana bakin iyaka da iyalinsa a mota.

Mai Gabatarwa: Malam, da girmanka, amma mota da taya da inji da birki duk ka bar su sun wuce a wannan zancen ba ka ce komai ba. Me tirela ta yi?

Malam Mai Nahawu: Waɗancan sun shigo lokacin da ba mu da masu tsaron ƙofa. Yanzu muna da su.

Mai Gabatarwa: Raƙumin da ya ɗauki kayan ayarin ma daga Buzaye muka samo sunansa, haka takardar da Anti ke fassarawa. Littafi da alƙalami daga Larabci. Ban taɓa jin wanda ya ce Hausa ta ragu saboda su ba.

Malam Mai Nahawu: Aron da aka yi a kasuwa da makaranta tsakanin maƙwabta daban, wanda mulki ya ɗora mana daban. Kuma ku 'yan rediyo ku ne kuka fi kowa laifi, abin da kuka faɗa da safe shi yara ke maimaitawa da rana.

Mai Gabatarwa: Mu ɗin ne dai muka riƙe majalisar ɗinkin duniya da jirgi mai saukar ungulu har suka zauna a bakin kowa. A yi mana adalci.

Baƙo Daga Nijar: Ni abin da ke ba ni haushi a irin wannan mahawara, kullum ana magana kamar Hausa ƙasa ɗaya gare ta. Kuna cewa kwastan, mu duwan muka sani. Aronku na Ingilishi ne, namu na Faransanci. A Kanada kuma akwai 'yan Nijar da yawa a Kebek, lardin da ake magana da Faransanci. Shi ya sa a wannan karon ina bayan Malam, kalmar da aka gina da Hausa tsantsa ba ta da iyaka.

Tafinta: Wannan gaskiya ce, kuma ban yi tunaninta ba. Zan sa kwastan da duwan tare a farkon fitowarsu. Amma ina tambaya tsakani da Allah, in ka ji tirela ba za ka gane ba?

Baƙo Daga Nijar: Zan gane. Direbobinmu na faɗa.

Tsohon Direba: Ni dai ban yi karatun nahawu ba, amma zango wuri ne a ƙasa, inda ake sauke kaya a huta. Ba a jan zango. Abin da ke cikin wannan akwatin masauki ne. In kwana ta ƙi, a ce tirelar masauki.

Ɗalibi: Ko gidan ja?

Tafinta: A rubuce za a ɗauka launi ne, jan gida kuma ya fi muni. Amma ta Baba ta kama ni. Tirelar masauki ga wanda ake ja, motar masauki ga mai inji. Bari in gwada: “Idan motar masauki ce, a kai wa kwastan na Amurka takardu awa 72 kafin fita. Idan tirelar masauki ce, wannan sharaɗin bai shafe ta ba.” Kun ji yadda suka rabu da kansu, mota da tirela.

Mai Gabatarwa: Na karanta da ƙarfi sau uku, ba ta sarƙe harshe. Jam'i tirelolin masauki. Ni ta yi mini.

'Yar Ƙetare: Ni ma. Na tambayi maigidana ba tare da na yi masa bayani ba, ya nuna ta taga ya ce waccan ke nan.

Malam Mai Nahawu: Masauki kalma ce mai kyau, ba ni da ja a kanta. Rabin sunan dai har yanzu na aro ne, kuma ba zan koyar da shi ba. In ana ganin jazango ta karkata ga mai ja, sai a ce jayayyen masauki. Hausa ce daga farko har ƙarshe, kuma ta faɗi abin da Malama ke so a ji.

Mai Gabatarwa: Jayayye ya yi kusa da jayayya, Malam. Mai saurare zai ɗauka masaukin da ake rigima a kansa ne.

Malam Mai Nahawu: Kowace kalma aka kawo sai an samo mata aibi, sai ta Turanci ce kaɗai ba ta da shi.

Tafinta: Allah ya huci zuciyar Malam. Ga abin da zan yi, don lokaci ya ƙure. A farkon fitowa zan rubuta: tirelar masauki, wato ɗakin kwana mai tayoyi wanda ba shi da inji, ake jan sa da mota. Daga nan sai tirelar masauki kawai. A jerin kalmomin da ke ƙarshen takardar zan sa jazango a gefenta, in ce wasu malamai sun fi son haka. In mutane suka ɗauka, a bugu na gaba sai ta hau sama.

Malam Mai Nahawu: A sa ta, amma kada a rubuta wasu malamai. A rubuta cewa ita ce ta Hausa. Ban janye ba, na dai bari ne saboda Juma'arki.

Tafinta: Zan rubuta ƙirar Hausa. Na gode ƙwarai Malam. Saura ɗaya, ƙarfen da ke haɗa ta da motar. A bayan motar akwai dunƙulen ƙarfe kamar ƙwallo, bakin tirelar ya hau kansa a kulle, ga sarƙoƙi biyu na tsaro a ƙasa. Takardar ta kuma ambaci wani nau'i babba wanda mahaɗinsa ke cikin bodin a-kori-kura, ba a baya ba.

Tsohon Direba: Na baya ƙugiya muke cewa, ko da ba lanƙwasasshe ba ne. Na cikin bodi kuwa irin na manyan motoci ne, faranti ne ake shafa masa giris, tirelar ta zauna a kai.

Malam Mai Nahawu: Maɗauri.

Tsohon Direba: Maɗauri na zane ne, ranka ya daɗe.

Tafinta: Na sa ƙugiya ga na farko. Na biyun na bar gurbinsa, zan leƙo gobe bayan asuba in ga ko an samu.