Neman manhajar rubuta memuwar ta kyauta

Ɗan Marwa: Salamu alaikum. Wace manhaja ta kyauta ce za ta kai mutum daga babi na ɗaya har ranar kare memuwar, wato kundin binciken kammala karatu? Word ya fara neman lasisi. Fannin tarihi ne, da Faransanci, amma akwai hirarrakin Hausa da Fulatanci a ciki.

Malama: Wa alaikumus salam. LibreOffice Writer don rubutu, da Zotero don tsara manazarta. Ka ƙara Grammalecte don gyaran Faransanci, yana aiki ko babu intanet.

Na Kuseri: Overleaf kawai, ƙanina, shafin intanet na rubutu da LaTeX, tsarin haɗa takarda da umarni.

Dokta: Maganar Malama ce, amma ga inda ɗalibai ke kuka. Zotero ba ya haɗuwa da LibreOffice sai an saka manhajar Java, kuma idan LibreOffice ɗinka na 64-bit ne, Java ma na 64. In maɓallan Zotero ba su fito a Writer ba, nan za ka fara dubawa. Babbar matsalar ita ce ajiya. Ka riƙa ajiye aikin a .odt. Da zarar ka ajiye shi a .docx don malaminka ya duba a Word, manazartar da ka saka cikin rubutu za ta koma rubutu zalla, ba ta sabuntuwa, sai dai ka sake saka su ɗaya bayan ɗaya. Don haka uwar takarda ta zauna a .odt, malami a tura masa kwafi ko PDF, gyaransa ka shigar da hannu. Kada kuma ka sa jakar bayanan Zotero cikin Dropbox ko Google Drive, tana lalata fayil ɗin zotero.sqlite. Ka rufe Zotero, ka kwafe jakar gaba ɗaya a kile, wato filashin USB, duk Juma'a. Ajiyar intanet da Zotero ke bayarwa kyauta mega 300 ce, PDF na cika ta da wuri, sai ka kashe tura fayiloli ka bar bayanan littattafai kaɗai su hau.

Ɗan Marwa: Allah ya saka, Dokta. Haruffa masu lanƙwasa fa?

Malama: Salon haruffa na Charis SIL, da allon madannai na Kamaru AZERTY a manhajar Keyman. In ƙ ta gagara, buga 0199 ka danna Alt da X.

Na Kuseri: Da LaTeX duk wannan wahalar ba ta taso ba.

Dokta: Ta taso. pdfLaTeX yana tsayawa da ya ci karo da ɓ ko ɗ, sai an koma wani nau'insa, kamar XeLaTeX da fontspec. Kuma Overleaf na kyauta yana yanke haɗa takarda idan ta yi nauyi. Ɗan tarihi mai wata uku a gaba ba zai fara koyon wannan yanzu ba.

Baban Garwa: Overleaf da wace wutar? Ko ku a Kuseri ta ƙetaren gada kuke jawowa? 😂

Na Kuseri: Baba, TeXstudio da MiKTeX, manhajojin LaTeX na kan kwamfuta, ba sa neman intanet in an sauke kayan haɗi tun farko.

Hajiya: Ku yi haƙuri, madadin SPSS, manhajar ƙididdiga, fa? Ɗiyata na ɓangaren tattalin arziki.

Malama: jamovi ko JASP, Hajiya. Duka suna buɗe fayil ɗin .sav na SPSS. In malaminta ya nace da fasalin SPSS, PSPP.

Baban Garwa: Manhajar R ta fi su duka.

Hajiya: Kwamfutarta mai giga 4 ce, za ta ɗauka?