Kurege sun addabe ni a wurin aiki, me zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Ina aiki a wani ƙaramin filin wasan besbol a nan Amurka, ni ke kula da sito na rumfar da ake sayar da gyaɗa da gugguru. To tun da aka fara kakar wasa kuregun nan masu ruwan toka sun hana ni sakat, shekaranjiya na buɗe sito da safe na tarar sun ɓula murfin babbar robar gyaɗa, ɓawo ko'ina har cikin takalmin aikina, ɗaya ma yana zaune kan kwali yana kallona ko gezau. Da dare kuma akwai wata dabba da suke kira rakun, mai baƙi a zagayen ido, tana kifar da kwandon shara. Oga ya fara yi min wani irin kallo kamar ni ke sakaci, aikin nan kuwa da shi nake riƙe iyali. Ni dai a ƙauyenmu tarko muke ɗanawa shike nan, yanzu ina tunanin ko in sa maganin ɓera ne a ɓoye?

Baban Khalid: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka rufa wa kanka asiri kada ka sa guba, wuri ne da ake sayar da abinci ga yara suna yawo, in wani abu ya faru kai za a kama. Mutanen nan ba sa wasa da dabba. A 1983 Dave Winfield, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Yankees, ya jefa ƙwallo a Toronto ta kashe tsuntsun teku, sai da 'yan sanda suka tuhume shi da zaluntar dabba kafin a janye ƙarar, to shi fa babban ɗan wasa ne, balle ni da kai.

Maman Ummi: Malam ai su kuregen nan son shi suke. A 2011 wani ya ratsa fili a guje ana tsakiyar wasan besbol tsakanin ƙungiyoyin Cardinals da Phillies a St. Louis, 'yan kallo suka ce shi ne sa'arsu, Cardinals suka ci kofin shekarar har aka sa hotonsa a jikin zoben nasarar. Ka ɗauki hoton ɓarnar ka tura wa oga a rubuce da kwanan wata, ka ce a kira masu lasisin kama dabbobi, aikinsu ne ba naka ba.

Alhaji na Bronx: Roba ba ta tare kurege, haƙoransa kullum girma suke shi ya sa dole ya yi ta gwaguya. Ku sayi durom na ƙarfe mai murfi, a toshe ramuka da ragar waya, a share ɓawo kafin a tashi. Amma rakun ɗin ya fi damuna, yana cikin dabbobin da ke ɗaukar ciwon haukan kare, ko kusa kar ka taɓa shi, in ya cije ka ko ya yakushe ka wanke da sabulu sosai ka wuce asibiti a ranar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na fasa maganar guba, hotunan ma na tura. Alhaji durom ɗin a irin wane shago ake samu?